Kulle da Ƙulle a Kasuwar Makola

Ranar da na sauka gidan Gwaggo a Nima, ko ƙurar hanya ban gama wankewa ba ta ajiye mini wata 'yar farar na'ura a gefen kwanon tuwo, ta ce, "Babana, an ce ka zama dokta. To, ga majinyaci." Sunan mahaifinta aka raɗa mini, saboda haka tun ina zanen goyo bakinta bai taɓa furta sunana ba. Na maimaita mata bayanin da na gaji da yi wa dangi, cewa digirina na nazarin harshe ne, ba ni da haɗi da allura balle wayar lantarki. Ta ce ai duk boko ne, in ci abinci tukuna.

Majinyacin dai rauta ce, irin wadda ake zura wa layin waya a ciki, ita kuma ta riƙa watsa intanet ta iska ga wayoyin da ke kusa da ita. Cutarta kuwa ci. Datar da Gwaggo take saya da niyyar ta kai wata guda ba ta wuce kwana tara ko goma. Ta riga ta yanke hukunci cewa kamfanin waya ne yake tauye mata mudu, abin da take nema a wurina shaida ce kawai ta mai ilimi. Kuma lamarin ba na wasa ba ne a wurinta, domin kusan rabin cinikinta ya koma WhatsApp: ta ɗauki hoton kaya ta tura wa masu sari a Kumasi da Tamale da Lome, a yi ciniki da saƙon murya, a biya ta waya, ta sa kayan a mota. Kullum da safe jikarta takan cusa rautar a jaka su tafi kasuwa, da magariba a dawo da ita gida. Ranar da data ta ƙare, ciniki ya tsaya.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. A Zariya aka haife ta, aure ya kai ta Akra a 1977, gidan wasu jikokin fataken goro da suka daɗe da yin kaka-gida a can. Har yau ba ta cewa Akra, sai Ankara, kamar yadda Hausawan dā suke kiran birnin. Ni kuwa abin da ya kai ni shi ne naɗar maganar mutanen zango, aikin wata ɗaya. Ɗalibin Hausa da ya shiga Akra zai ga harshen a jikin taswira tun kafin ya ji shi a baki: ga Tudu, ga Fadama, ga Sabon Zongo da Malam Bako ya kafa a farkon ƙarni na 20, ga kuma Zongo Lane dab da Makola, inda Hausawan farko suka yada zango, yau kuwa can ake zuwa neman kayan gyaran lantarki. Nima ta zo daga baya, a shekarun 1930, ta hannun Malam Amadu Futa, kuma ita da Maamobi sun haɗe har baƙo ba ya gane inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta soma.

Washegari muka shiga trotro zuwa Tudu, muka ƙarasa Makola da ƙafa, muna kauce wa 'yan matan da ke dako da manyan tasoshi a ka. Sunansu ma darasi ne: kayayei, wato "kaya" ta Hausa da "yei" ta harshen Ga, mai ma'anar mata. Shagon Gwaggo ɗan tsukukun ɗaki ne a ƙasan wani bene, cike da mayafai da leshi da turaren wuta. A saman ƙofa akwai allo mai ɗauke da sunan shagon da lambar wayarta, an rubuta ta ɓaro-ɓaro don masu biya ta waya su hango daga nesa. Da aka kunna rautar na duba wayata, sai ga sunan shagon ya fito a jerin hanyoyin Wi-Fi na kusa. Na tambayi jikar kalmar sirri. Ba ta ce uffan ba, ta ɗaga yatsa ta nuna allon.

Yaron da ya sayar musu da na'urar ne ya yi wannan dabarar, wai don kada Hajiya ta manta. An rubuta sunan ƙofa ke nan, an kuma rataye mabuɗinta a sama, a tsakiyar ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma.

Ɗan abin da na sani game da waɗannan na'urori na koye shi ne a gidana, bayan shekaru ina fama da 'ya'yana da 'ya'yan maƙwabta. Kowace rauta tana da shafin gudanarwa, ana shiga shi ta burauza da wasu lambobi da akan buga a jikin takardar da ke manne ƙarƙashinta, galibi 192.168.8.1 ko 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Shafin yana da nasa mabuɗin daban da na Wi-Fi, kuma nan ne mutane suka fi sakaci, domin da yawa ba su ma san da shi ba. Na rubuta admin a gurbin suna, na rubuta admin a gurbin kalmar sirri, kamar yadda ta fito daga masana'anta. Ƙofa ta buɗe. A jerin na'urorin da ke haɗe a wannan hantsin na ƙirga ashirin da uku. Namu uku ne kacal. Na juya wa Gwaggo fuskar wayar na ce ga masu tauye mudun nan. Ta leƙa, ta yi dariya har da tafa hannu, ta shiga cankar wayar wane ce wannan, ta wance ce waccan.

Ni dariyar ba ta daɗe a bakina ba. Irin wannan rauta tana karɓar saƙonnin tes da aka aiko wa layin da ke cikinta, ta adana su a shafin gudanarwa. Layin da ke cikin ta Gwaggo tsohon layinta ne, wanda ta ba banki shekarun baya, ba ta kuma canza ba. Ga saƙonnin banki nan jere, shigar kuɗi da fitarsu, da ragowar abin da ke asusu, har da lambobin tabbatarwa da akan turo a yi amfani da su sau ɗaya. Gwaggo ba ta taɓa buɗe wannan shafi ba, jikarta ma haka. Amma saƙonni da dama suna ɗauke da alamar an karanta. Da na matsa da tambaya, sai jikar ta tuna cewa makonni biyu da suka wuce wani ya kira Hajiya ya ce daga banki yake, ya faɗi daidai kuɗin da suka shigo mata ranar, ya nemi ta karanto masa wata lamba. Abin da ya cece ta shi ne Turancinsa ya yi mata sauri, ta miƙa wa yarinyar wayar, ita kuwa ta katse. Ko kwabo bai ɓata ba. Sai dai akwai wani ƙarin nauyi: tun daga 2021 aka wajabta wa kowa a Ghana ya haɗa layinsa da katin ɗan ƙasa, don haka duk ta'asar da wani ya tafka ta wannan rauta, sunan Gwaggo ne a kai.

Na ce mata yanzu-yanzu za a canza komai, a kori kowa. A nan ne muka saɓa.

"Babana," in ji ta, "wuta da ruwa ba a hana maƙwabci. Wannan kuwa iska ce." Na ce iskar da ake saye da sidi. Ta ce ruwan ma a Nima saye ake yi. Sannan ta nuna mini shagon da ke manne da nata, na wata mata 'yar ƙabilar Ga, Kirista, wadda ta fi shekara ashirin tana tsare mata kaya duk lokacin da ta tafi sallar azahar. Wayarta na cikin ashirin da ukun nan. "Ita zan kora?"

Da na ambaci kalmar ɓoyewa kuwa, fuskarta ta canza, kuma sai daga baya na gane dalili. Gwaggo tana da shekara biyu da aure lokacin da sojoji suka karɓi mulki ranar 4 ga Yuni, 1979. Ana cikin ƙarancin kaya da tsadar rayuwa, aka ɗora laifin a kan matan kasuwa, wai su ne masu kalabule, masu ɓoye sabulu da madara da sukari don farashi ya tashi. An yi wa mata bulala a bainar jama'a. Ranar 18 ga Agusta na shekarar aka rushe tsohuwar Makola, wadda aka gina tun 1924, kuma filin da ake ajiye motoci yau, wanda ake kira Rawlings Park, a kan kufanta yake. Surukar Gwaggo tana da rumfa a ciki. Tun daga ranar, in ji ta, ko allura ba ta sake ɓoyewa a shago ba, kome nata a fili yake, kowa ya gani. Ga matar da ta ga wannan da idonta, ka zo kana cewa a ɓoye, a rufe, a hana, ba ƙaramar magana ka ɗauko ba.

Harshe ne ya fitar da ni, kuma saboda wannan gaɓar na ga ya dace in kawo labarin nan gaban ɗalibai. Akwai kalmomi biyu a Hausa da ƙugiya ɗaya tak ta raba: kulle da ƙulle. Ana kulle ƙofa da kwado don kada wanda ba a so ya shigo. Ana ƙulle kuɗi a bakin zane don ko wanda ke zaune kusa da kai kada ya ga ko nawa ne, balle ya taɓa. Tsaron Wi-Fi ayyukan nan biyu yake yi. Na farko tantance mai shiga. Na biyu shi ne cukurkuɗa duk abin da ke kai-komo tsakanin waya da rauta, domin saƙon a iska yake tafiya kamar shirin rediyo, yana ratsa bango, kuma duk mai na'urar da ta dace yana iya kama shi daga shagon da ke gaba ko daga motar da ke tsaye a titi. Na ce, "Gwaggo, kina ba maƙwabciya ruwa, na yarda. Kina bar mata ƙullin kuɗinki a bakin randa?" Ta yi shiru, ta taɓa gefen zanenta, inda har gobe take ƙulle canji.

Jikar ce ta katse shirun. "Kawu, Hajiya ya ce kar a kulle, kai ka ce ba kulle ba, kulle. Wanne ne?" Mai karatu zai lura da abu biyu a wannan jimla. Hausar matasan Akra ta yar da bambancin jinsi, Hajiya "ya ce" ne, ba "ta ce" ba. Ta kuma yar da ƙugiya, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b. A kunnenta kalmomina biyu ɗaya ne. Na so in gyara mata, irin halinmu na malamai, sai na tuna cewa a wurin rauta ma kusan ɗaya ne: daga kalmar sirrin da ke kulle ƙofa ake samo mabuɗin da ke ƙulle saƙo. Idan kalmar ta yi rauni, duka biyun sun tafi.

Wanda ya taɓa yin zaurance yana yaro ya riga ya san tushen abin. Mu a unguwarmu mukan cusa wata gaɓa bayan kowace gaɓa, "zo mu tafi" ta koma "zodo mudu tadafidi", mu ɗauka manya ba su ji. Ba a kwana biyu suke gane ƙa'idar, daga nan sirri ya ƙare, tunda ƙa'idar ita ce dukan sirrin. Malaman Bagadaza sun san wannan rauni tun ƙarni na 9, lokacin da Alkindi ya nuna cewa ana iya warware rubutun da aka sauya wa haruffa ta hanyar ƙirga harafin da ya fi yawan fitowa. Da Hausa aka yi rubutun, harafin a ne zai tona asiri cikin minti ɗaya. Kalmar Larabci da ta ba mu sifiri ma ita ce ta ba Turawa sunan rubutun asiri. Bambancin zamani shi ne yanzu ƙa'idar a fili take, kowa na iya karanta ta, mabuɗi kaɗai ake ɓoyewa. Tsarin AES da rautoci ke amfani da shi a yau wasu masana biyu 'yan Beljiyam, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka ƙirƙira, hukumar ma'aunai ta Amurka ta amince da shi a 2001 bayan gasar da aka yi a bainar duniya. Wannan bayani ya yi wa Gwaggo daɗi fiye da yadda na zata. Ta ce ashe ba ɓoye kaya ba ne, awo ne a gaban kowa, jaka ce kawai a rufe.

A shafin saitin Wi-Fi akwai gurbin da ake zaɓar nau'in tsaro, kuma jerin da ke ciki tarihi ne a taƙaice. Na farko shi ne a bar ta a buɗe, ba kulle ba ƙulle. Sai WEP, wanda ya zo da ƙa'idar farko a 1997. A 2001 masana uku, Fluhrer da Mantin da Shamir, suka bayyana ɓarakarsa, kuma yau ana fasa shi cikin mintoci, kome tsawon kalmar da aka sa. Duk rautar da ba ta da abin da ya wuce WEP, bola ce makomarta. WPA na 2003, mai tafiya da TKIP, faci ne aka yi wa tsohuwar riga kafin a ɗinka sabuwa. Sabuwar ita ce WPA2 ta 2004, mai amfani da AES. Ita ma an gano mata wata kafa a 2017, wadda Mathy Vanhoef na jami'ar Leuven ya bayyana aka sa mata suna KRACK, amma an toshe ta da sabunta manhaja, shi ya sa yake da kyau a riƙa sabunta ta waya da ta rauta. Na baya-bayan nan shi ne WPA3 na 2018. Rautar Gwaggo ba ta kai nan ba. Na tarar da ita a kan gamin WPA da WPA2, na mayar da ita WPA2-PSK da AES zalla.

Gaskiya dai ba nan ɓarakar take ba, kuma ina ganin masu ba da shawara kan wannan fanni sukan cika surutu a kan sunayen nan su bar abin da ya fi cin mutane. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga, kuma tsagar bangon Gwaggo kalmar sirri ce. A ce ma ba a rubuta lambar a allo ba, lambar waya ba ta da wani ƙarfi. Duk lokacin da waya za ta shiga, ita da rauta sukan yi musayar saƙo huɗu, tamkar gaisuwa da amsawa, kowa ya tabbatar wa ɗan'uwansa ya san kalmar ba tare da ya furta ta ba. A tsarin WPA2, mai mugun nufi yana iya naɗar wannan gaisuwa daga iska, ya tafi da ita gida, ya sa kwamfuta ta yi ta gwada kalmomi har ta dace, rautar ba ta ma san ana yi ba. Lambar waya a Ghana alƙaluma goma ce, ukun farko na kamfani ne kuma 'yan kaɗan ne, saura bakwai, wato miliyan goma a kowane rukuni. Kwamfuta mai ƙarfi tana gwada dubban ɗaruruwa a daƙiƙa guda. Babbar fa'idar WPA3 ita ce ya toshe wannan hanya, kowace canka sai an zo an yi ta a gaban rauta. Wanda tasa ke da shi, kuma wayoyin gidansa suka yarda da shi, ya zaɓe shi.

Akwai kuma wata ƙofar baya mai suna WPS, da aka yi don sauƙaƙa wa mutane, a shiga da danna maɓalli ko da lamba takwas. A ƙarshen 2011 Stefan Viehböck ya nuna cewa rauta tana duba lambar ne rabi-rabi, ta ƙarshe kuma lissafo ta ake yi daga sauran, don haka gwaji 11,000 ya isa a maimakon miliyan ɗari. Na kashe shi. Jikar ta ba da shawarar a ɓoye sunan rautar gaba ɗaya. Na ce a bari, wannan labule ne ba ƙofa ba, domin wayoyin da suka san sunan su ne za su riƙa kiransa a iska. Mun dai canza sunan daga na shago zuwa wani da ba ya nuna ta wace ce. Na sauya mabuɗin shafin gudanarwa, wanda shi ya kamata in fara da shi tun farko, na goge saƙonnin banki, na kuma ce a riƙa ajiye na'urar cikin aljihun tebur, tunda a bayanta akwai ɗan rami da ake zura tsinke a mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta.

Sai zaɓen sabuwar kalma. Ƙa'ida ta yarda da harafi takwas zuwa 63, kuma tsawo ya fi wuyar rubutu amfani. Na ce Gwaggo ta kawo kalmomi biyar da ba su da dangantaka da juna, mu jera su. Ta fara da karin magana, na ce a'a, abin da dubban mutane suka haddace ba sirri ba ne. Ta kawo sunayen 'ya'yanta, na ce duk Makola ta san su. Daga ƙarshe ta riƙa ambatar abin da ya faɗo mata, irin su tabarma da jirgi da kanwa, har muka sami biyar, muka soka alƙaluma a tsakani. Shawarata ga mai yin haka da Hausa ita ce ya kauce wa haruffa masu ƙugiya. Ba kowace waya ke da su ba, kuma ba kowace rauta ke karɓarsu yadda aka rubuta ba. Abin da ban hango ba shi ne rigimar ƙa'idar rubutu. Cikin kalmominmu akwai cokali. Sau huɗu jikar tana gwadawa wayarta na ƙi, har ta fara cewa na lalata na'urar. Da na karɓa na duba, ta rubuta chokali. A makarantar Ghana ta koyi rubutu, inda ch ke wakiltar wannan sauti a Turanci, ky kuma a harshen Twi, shi ya sa waken Hausa da aka dafa da shinkafa ya zama waakye a allunan masu abinci. Shekara goma sha biyar ina jan layi da jan biro ƙarƙashin ch a takardun ɗalibai, ban taɓa samun mai tsanani irin rauta ba. Ba ta ba da rabin maki.

Da na danna maɓallin adanawa, duk wayoyin suka faɗi lokaci guda. Ba a yi minti biyar ba maƙwabciyar ta leƙo tana tambaya ko intanet ɗin Hajiya ya ƙare ne. Gwaggo ta dube ni, irin kallon da ba ya bukatar fassara.

Mafitar tana cikin na'urar. Rautoci da yawa suna iya buɗe hanya ta biyu, ta baƙi, mai suna daban da kalmar sirri daban, wadda ke kai mutum intanet amma ba ta kai shi shafin gudanarwa ko sauran wayoyin gida. Zaure ke nan, ba cikin gida ba. A ta Gwaggo ana iya ƙayyade yawan masu shiga da tsawon lokacin da za ta zauna a buɗe. Na saita mutum huɗu. Gwaggo ta ce da hannunta za ta riƙa sa wa mutane kalmar, ba za su gani ba. Jikar ta yi murmushi, ta buɗe wayarta ta nuna mana wani ɗan zane mai murabba'i, lambar QR: tun daga Android 10 duk wayar da ta taɓa shiga tana iya nuna shi, wata ta ɗauka ta shiga. Kalmar baƙi dai za ta yaɗu ko an so ko an ƙi, maganinta a riƙa canza ta, kuma iyakar mutum huɗun nan ita ce ainihin mai gadi. Na koya wa yarinyar yadda ake yi, ta yi sau biyu a gabana. Washegari na raka Gwaggo banki aka mayar da saƙonni kan layin da ke hannunta, na kuma rubuta mata 292 a bangon shago, lambar da hukumar tsaron intanet ta Ghana ta ware don kai rahoton zamba.

A Nima aka sake wata shari'ar da daddare. Gidan Gwaggo gidan haya ne, ɗakuna kewaye da tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, iyalai bakwai. A bayan katanga kuma akwai majalisar samari, abin da suke kira bes, inda ake dafa ataya ana musun ƙwallo har tsakar dare. Yanzu na gane dalilin da ya sa suka jawo bencinsu dab da tagar Gwaggo. Su ba ta damu da su ba sosai, ta ce su je su yi aiki. Damuwarta 'yar wata mai haya ce, marainiya, da ke shirin jarrabawar WAEC, wadda ashe da wannan iskar take sauke tsofaffin tambayoyi tana kallon darussan lissafi a tsohuwar wayar uwarta. Ba ta taɓa roƙo ba, ba a kuma taɓa ce mata ta daina ba. Aka kira ta aka sa mata kalmar baƙi, na saita hanyar ta riƙa rufewa idan dare ya yi nisa, don kada samarin bes su gaje ta.

Na koma gida da kaset ɗina na maganar zango, ko in ce da fayilolina. Bayan mako shida saƙon murya ya shigo daga Gwaggo, minti huɗu, ukun farko gaisuwa. Ta ce data ta kai wata har da kwana biyu. Ta ce mai kiran nan na banki ya sake kira, wannan karon bai san ko nawa ne a asusun ba, ta ce masa ya gai da gida. Sannan ta sassauta murya. Yarinyar nan, in ji ta, sai dare ya raba take samun karatu, bayan ta gama taya uwarta wanke-wanken abincin sayarwa, kuma lokacin zauren ya rufe. Saboda haka ta ba ta ta cikin gida, ta cokalin nan.

"Ka yi haƙuri, Babana. Na ce mata kada ta ba kowa."